Sabuwar jitar bes ta iso da tabo: in riƙe ko in mayar?

Bulus na Angwan Rukuba

Jama'a barkanmu da war haka. Wata takwas ina tara kuɗi, har adashen wurin aiki na shiga, don in huta da aron jitar majami'a in mallaki tawa jitar bes, wato mai kaurin sautin nan. Muka yi ciniki ta WhatsApp da wani mai shago a kasuwar Alaba ta Legas, ya turo mini bidiyonta gaba da baya, ko ƙwarzane babu. Aka sa ta a motar dare, jiya da yamma na je tasha a nan Jos na karɓa. Na ga gindin kwalin ya ɗan lotsa, amma yaron tashar yana ta azalzala ta in sa hannu, ni kuma zumuɗi ya hana ni buɗewa a gabansa.

Sai da na isa gida na ga abu biyu. Fenti ya ɓantare a gefen ƙasa, kusa da inda ake maƙala igiyar rataya, girman ƙwayar wake, har ana hango farin katako. Sannan akwai wani siririn tsagu kamar silin gashi a daidai inda wuya ya shiga jiki, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sautinta ya yi mini, wuyan kuma ya zauna a hannuna kamar da ni aka auna. Mai shagon ya ce in dawo da ita ya canza mini, amma kuɗin mota nawa ne. Duk wanda irin haka ta taɓa samu, don Allah ya faɗa mini yadda ya ƙare.

Baba Mai Gyara, Kaduna

Ɗana, kwantar da hankalinka tukuna. Kafin a yi maganar mayarwa sai an san ciwon nan a fenti yake ko a katako. Juya ta ka duba baya: in ka ga farantin ƙarfe da sukurori huɗu, to wuyan ɗaura shi aka yi a cikin wani gurbi, kamar yadda Fender, kamfanin ƙera jita, ta fara yi wa jitarta ta bes mai suna Precision tun 1951. Bangon gurbin nan siriri ne, fentin jitocin zamani kuma mai kauri ne, ya bushe ƙam kamar gilashi. Katako yana motsi da zafi da sanyi da girgizar hanya, fenti ba ya bin sa, sai ya tsage a kusurwa. Irin wannan sun sha zuwa shagona, mafi yawansu a fenti suka tsaya.

Ga yadda za ka gwada ba tare da ka kwance komai ba. Ɗora ta a cinya da tsirkiyoyinta a ɗaure, ka kama kan wuyan ka ɗan ja shi hagu da dama a hankali, idonka a kan tsagun. In bakinsa yana buɗewa yana rufewa, katako ne, ka mayar. In bai motsa ba, manna ɗan salatif na takarda a gefensa, ka sa ɗigon fensir daidai inda ya ƙare, ka ba shi mako biyu ka ga ko zai wuce ɗigon. Hanya mafi tabbaci ita ce a sassauta tsirkiyoyi a cire wuyan a leƙa cikin gurbin, inda katako yake tsirara. Amma kada ka taɓa sukurun nan sai mai shago ya yarda a rubuce, in ba haka ba gobe ya ce kai ka fasa.

Maman Rahila, Wusasa

Ƙanena, ni dai na mayar, kuma ga yadda ta kaya. Tamu ba tawa ba ce, kuɗin ƙungiyar mawaƙa ne, ni aka ba amanar sayowa. Ta zo da dogon karce a fuska. Da kuɗina ne da na haƙura, amma ta yaya zan tsaya gaban kwamiti in ce ga sabuwa, kowa yana ganin tabo? Mai shagon ya fara noƙewa, sai ma'ajinmu ya tuna masa cewa akwai dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ake kai ƙara. Nan take muryarsa ta yi laushi.

Sai dai mako bakwai muka yi muna jira, Ista ta zo ta wuce da jitar aro. Wadda aka kawo a madadin ba ta da tabo ko ɗaya, amma ta fi ta farkon nauyi, yaron da ke kaɗa mana har yau yana cewa ta farko ta fi daɗin hannu. Kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, amma ba itace ɗaya ba. Kwamiti ya gamsu, mai kaɗawa bai gamsu ba. Tunda kai ne kwamitin kanka, ka yi lissafi da wannan.

Sani Maraɗi

Ni nawa ba na fenti ba ne, shi ya sa nake so ka bi maganar Baba da kyau. Na sayi wata daga hannun wani da ke kawo kaya ta Kwatano, irin mai wuyan da aka manne da jiki, kanta ya karkata baya. Akwai ɗan layi a ƙeyarta, daidai ƙarƙashin inda tsirkiyoyi ke hawa kan. Mai ita ya ce fenti ne, ya rage mini jikka goma, na yi ta murna na ci riba. Wata uku muna zuwa wasan biki da ita lafiya lau. Rannan muna tsakar kiɗa, ana ta liƙi, yaro ya taka waya ta zame daga jikin sifika, faɗuwar da ba ta kai komai ba. Kan ya karye ya rage a rataye da tsirkiyoyi. Daga baya na ji cewa tsirkiyoyi huɗun nan jan da suke yi wa wuya ya haura kilo 70, dare da rana. Kafinta ya haɗa mini da gam da matsi, tana aiki har yanzu, amma ba mai sayen ta. Tsagu a gefen jiki daban, tsagu a ƙeya daban. Na ƙeya ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani.

Nura Situdiyo, Zoo Road

Malam Bulus, bari in ƙara maka wani abin da ke tafe tun kafin ya zo ka zargi mai shago. Yayana da ke Jamus ya sayo mini tawa ta intanet. A can doka ta ba mai saye kwana 14 ya mayar da kayan da ya yi oda ko da ba su da aibi, amma kafin ya samu mai zuwa Kano ya ba shi saƙon, wa'adin ya daɗe da wucewa. Ta iso a Disamba garau. Zuwa ƙarshen Janairu ina zura hannu a wuya sai na ji kamar zarto, bakin ƙarafan nan na kan wuya duk sun leƙo waje, har suka yanke ni a ɗan ali. Na yi ta tsinewa kamfanin a banza. Ashe hunturu ne: katakon ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya kasance wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kai kuwa ka san yadda leɓe ke fashewa a nan a watan Janairu.

Wani mai gyara ya goge bakin da ƙaramin magagari cikin rabin awa, matsalar ba ta sake dawowa ba. Yanzu ina jiƙa soso in matse shi sosai, in sa a gidan sabulu mai huji, in ajiye cikin akwatinta. Taka daga danshin Legas ta fito ta hau tsaunin Jos, don haka ko wuyan ya ɗan canza lanƙwasa nan gaba, saitin ƙarfen da ke cikinsa ne kawai.

Ɗan Auta

Ni abin da zan ce kawai: kada ka yi gyaran da kanka cikin dare da haushi. Tawa ɓantarar ba ta kai taka ba, na matsa mata sufa gulu kai tsaye daga bututu. Ya malalo, na sa yatsa in share, tururinsa ya bar farin dabbare kewaye da wurin. Na ɗauko samfefa ta kafinta in gyara ɓarnar. Daga ƙwayar gero na mayar da shi faɗin murfin kwalba. Yanzu sitika ce a wurin, duk wanda ya tambaya sai in ce ado ne.

Alhajin Kayan Sauti, Sabon Gari

Ku bar ni in yi magana daga wancan ɓangaren, tunda sana'ata ce. Kwalin da jita ke zuwa ciki an yi shi ne don a jera a kwantena, ba don a cusa shi ƙarƙashin mota tare da buhuna da injin janareta ba. Mai lodi bai san abin da ke ciki ba, dogon kwali ne kawai da ya dace da wani lungu. In kaya ya lalace a hanya, direba zai ce haka aka ba shi, mai shago zai nuna bidiyonsa, mai saye kuma ba shi da hujja in bai buɗe a tasha ba. Shi ya sa nake roƙon abokan cinikina su kunna kyamara tun kafin su yanka salatif.

Gaskiyar da 'yan kasuwa ba sa son faɗa: in ka dawo mini da ita, ba zan iya sayar da ita a farashin sabuwa ba, dole in karya, ga haɗarin hanya sau biyu. Don haka ragi ya fi mini sauƙi fiye da canji, shi ma naka ya san haka. Kada ka fara da faɗa. Tura masa hoton kwalin da ya lotsa da na tabon, ka ce kana son jitar, ya faɗi abin da zai yi maka. Ni kashi goma nakan sauke a irin wannan, in mutum ya fi son kaya in ba shi jaka mai soso ko saitin tsirkiya, domin ni a sarina na same su.

Nura Situdiyo, Zoo Road

Alhaji ya faɗi sirrin kasuwa, Allah ya sa 'yan'uwansa kada su ci shi tara. Abin dariya ma, tun 1995 Fender ke sayar da jitocin da aka kankare musu fenti da gangan don su yi kama da tsofaffi, kuma sun fi masu sheƙi tsada. Jaco Pastorius da ake ji da shi a duniyar bes, tasa Jazz Bass ce ƙirar Fender ta 1962 da fentinta ya cinye. Malam Bulus kai kyauta aka yi maka.

Maman Rahila, Wusasa

Nura, wanda ya tsufar da kayansa da hannunsa daban, wanda ya biya kuɗin sabo aka kawo masa mai tabo daban. Ko zani na saya na ga huji sai an rage mini.

Bulus na Angwan Rukuba

Na gode ƙwarai, ga inda aka kwana. Na yi gwajin Baba, tsagun bai motsa ba. Yau kwana goma sha shida da sa ɗigon fensir, yana nan inda yake. Na bi shawarar Alhaji wajen magana, mai shagon ya fara da kashi biyar, muka tsaya a kan ya mayar mini da kuɗin motar da na biya ya kuma aiko da jaka mai soso. Jakar ta iso, a tasha na buɗe ta da kyamara a kunne, yaron nan yana kallona kamar na zare.

Na kaɗa ta Lahadi biyu, ba wanda ya lura da komai sai mai ganga, shi ma don yana zaune a bayana ne. Amma ba zan ɓoye ba, duk sanda na ɗauke ta idona can yake fara zuwa, kuma gefen ɓantarar yana kama zaren rigata. Baba, labarin Ɗan Auta ya tsorata ni. In na shigo Kaduna za ka cike mini?

Baba Mai Gyara, Kaduna

Aikin yini guda ne, yawancinsa jiran bushewa. Zan fara ɗiga ruwan goge jan farce a wani lungu da ba a gani, in fentin bai narke ba na san irin mai taurin nan ne. Sai a shafa wa katakon launi, a riƙa ɗiga gam da tsinken sakace kaɗan-kaɗan har ya ɗan ɗara saman fentin, a kankare da reza mai salatif a gefe biyu, a bi da samfefar ruwa har lamba 2000, a goge. In ka kawo ido kusa za ka gane wurin, amma riga ba za ta ƙara kamawa ba. Tsagun wuyan kuwa ba zan taɓa shi ba.

Ka zo Asabar da sassafe. Ka biya wurin masu kayan kwalliya ka sayo jan farce da ya yi daidai da launinta, ka tafi da jitar ka gwada a hasken rana, kada ka zaɓa a ƙarƙashin fitilar shago.