Likita ya tsaya takara ba jam'iyya: yana iya gyara wani abu kuwa?

Maman Ihsan:
Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yanke wa asibiti kasafi yawancinsu ba su taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ba. To idan likita ya ajiye farar riga ya tsaya takarar majalisa shi kaɗai, ba jam'iyya, kan batun lafiya kawai, ana cin zaɓe haka? In ya ci, me zai iya?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Ana ci, 'yar uwa. A Ingila, a 2001, Dakta Richard Taylor ya tsaya a mazaɓar Wyre Forest saboda an rufe sashen gaggawa na asibitin Kidderminster. Ya kayar da ƙaramin ministan jam'iyyar Labour da ratar ƙuri'a sama da 17,000, ya sake ci a 2005. A Sikotlan ma Dakta Jean Turner ta ci a 2003 kan asibitin Stobhill. Mutum na iya ƙin yarda da ɗan siyasa, amma da wuya ya ƙi wanda ya duba mahaifiyarsa.

Baban Yara:
Malam Abu Sadik, ka faɗi rabi. Taylor ya yi shekara 9 a majalisa, sashen gaggawan bai dawo ba, a 2010 ya faɗi. Ƙuri'a ɗaya a cikin fiye da 600 ba ta juya kasafi. Ga kuma duk likitan da ya bar aiki ya tafi majalisa, asibiti ya yi asarar gogaggen likita, wannan ya fi damuna.

Hajiya Inna:
Ya danganta da yadda majalisar take, ɗana. A Ostireliya, Dakta Kerryn Phelps ta ci zaɓen cike gurbi na Wentworth a 2018, gwamnati ta rasa rinjaye. Da wannan damar ta haɗa kai da 'yan adawa, a farkon 2019 aka yi dokar da ta ba likitoci ta cewa wajen kawo 'yan gudun hijira marasa lafiya daga tsibiran Nauru da Manus, inda Ostireliya ke tsare su, zuwa ƙasar don magani. An soke dokar ƙarshen shekarar, amma waɗanda aka kawo sun ga likita. Ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Ihsan:
Na gode, Hajiya. To in gwamnati na da rinjaye sosai fa, ta wace hanya irin wannan likitan zai bi?