Idan mai haɗa manhaja ya tafi, wa ke riƙe da makullin sabar?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani Alhaji mai kawo albasa kasuwar Mile 12 ya kira ni in duba manhajar da yake karɓar oda da ita. Yaron da ya haɗa masa ita ya bar Legas, wayarsa ba ta shiga. Sunan shafin da asusun sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta ta intanet, duk da imel ɗin yaron aka yi rajistarsu. Alhaji ya biya kuɗinsa, amma babu komai a hannunsa. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labari.

Injiniya, Yaba: Wa alaikumus salam. Na gaji irin wannan aikin. Da na samu shiga na buɗe fayil ɗin authorized_keys, mai ɗauke da makullan waɗanda aka yarda su shiga sabar daga nesa ta hanyar da ake kira SSH, sai ga makullan mutanen da suka bar aiki tuntuni, kowannensu yana iya shigowa daga ɗakinsa ba wanda ya sani. Na goge su, na hana shiga da root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan sabar, na rufe shiga da kalmar sirri, na sa fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan gwada shiga yana kuskure. Malam, ka leƙa auth.log, fayil ɗin da ke rubuta duk yunƙurin shiga sabar. Tashar 22, ƙofar da ake shiga ta SSH, ba ta hutawa, dare da rana na'urori suna gwada "admin" da "root".

Maman Hanan, Idi-Araba: Ni a irin aikin da na gada, rumbun bayanan ne ya tayar min da hankali. Na tarar da kalmomin sirrin kwastomomi an adana su da MD5, tsohon tsarin ɓoye kalmar sirri wanda ake fasawa cikin sauƙi yanzu. Na mayar da su kan bcrypt mai wuyar fasawa, kowa ya shigo sai a sabunta tasa. Ga kuma fayil ɗin .env na saitunan sirri, da makullin biyan kuɗi a ciki, a fili kan GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu. Gogewa ba ta isa ba, tarihin yana nan, dole a canza makullin. Abin da ke ci min rai, lambobin waya ne da adireshin gidajen matan aure a wurin. Amana ce. Kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ce idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72.

Ɗan Obalende: Hajiya ta yi gaskiya. A duba takardar shaidar HTTPS ma, wadda ke nuna wa burauza cewa haɗin shafin yana da tsaro. Wadda masu ba da shaidar, Let's Encrypt, ke bayarwa kwana 90 take yi. A wani shafi da na karɓa, certbot, wato manhajar da ke sabunta shaidar, ya daina sabunta ta, burauza ta fara gargaɗi, kwastomomi suka ɗauka 'yan damfara ne.

Ɗan Agege: Allah Ya saka da alheri. Mun samu yaron ta hannun yayansa, kuma ya ba da haɗin kai. Gobe in sha Allahu za mu mayar da rajistar kan imel ɗin Alhaji, mu kunna tantancewa mai mataki biyu a wayarsa. Injiniya, zan kira ka kafin in taɓa saitin SSH, kada sabar ta rufe mu a waje.