Firinta tana tsayawa a Linux, wai "nobody cared", me ake nufi?

Ɗan_Ringim:
Slm jama'a. Ina da ɗan shagon buga takardu a ƙauyenmu kusa da Ringim, da sola nake aiki. Tsohuwar kwamfuta na saya ta hannu na sa mata Linux Mint, komai lafiya sai kamar rabin awa da kunnawa firinta ta tsaya cak, linzamin USB ma ya dinga ja kamar mai jin barci, jiya ga yara sun cika benci suna jiran silif ɗin jarrabawa dole na kashe na kunna har sau uku. Na buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin kwamfuta, na ga "irq 16: nobody cared" sai "Disabling IRQ #16" a ƙasa. Don Allah waye bai damu ba kuma? Ko bairos ne?

Injiniya_Kazaure:
Wslm. Ba bairos bane ƙanina, kwantar da hankalinka. Duk na'urar da ke son furosesa ya saurare ta sallama take yi, layin sallamar shi ne IRQ. Akwai ɗan guntun cif da ke karɓar sallamar kamar dogari a ƙofar hakimi, shi ke sanin wa zai shiga da wajen wa za a kai shi. Na da can Intel 8259 ne, layi 8 kawai, a 1984 IBM suka haɗa biyu aka samu 15 masu amfani, agogo na kan 0 kibod na kan 1. Na yanzu APIC ne, kowane koa (wato kowane sashen da ke aiki a cikin furosesa) da nasa, ga IO-APIC mai yawanci layi 24 yana rarraba musu.
To a tsofaffin injina na'urori da yawa kan haɗu a layi ɗaya, in an yi sallama sai kanel, wato zuciyar Linux, ya bi direbobin layin (manhajojin da ke tuƙa na'urorin) ɗaya bayan ɗaya yana tambaya naka ne? In cikin sallama 100,000 sama da 99,900 babu wanda ya amsa, shi ne "nobody cared" ɗin, sai ya rufe layin gaba ɗaya, in ba haka ba aikin amsa ƙofa kawai injin zai wuni yana yi. Ka buga cat /proc/interrupts ka ga su wa ke zaune a 16.

Sani_Bichi:
Kai dai ka sa acpi=off, ya kashe tsarin kula da wutar injin, ka huta, ni haka na yi wa tawa.

Injiniya_Kazaure:
A'a Malam Sani, wannan ai kashe gida ne don kama ɓera. Zai iya rasa lissafin batir, injin ma ya ƙi mutuwa da kansa, ga mutum a kan sola. Ɗan_Ringim in GRUB, menun da ke fitowa in ka kunna kwamfuta, ya fito danna e, bayan quiet splash ka ƙara irqpoll (yana sa kanel ya dinga leƙa direbobin da kansa), sai F10. In bai yi ba gwada noapic, ya koma salon 8259. Sau da yawa teburin BIOS, manhajar da ke fara tashin injin, ne ya ba kanel taswirar layuka da kuskure, shi ya sa in akwai sabon BIOS gara ka sabunta, amma fa ranar da batirin solarka ya cika.

Ɗan_Ringim:
Yaya na duba, ehci_hcd (direban USB) ne da wani na katin sauti a 16. Na sa irqpoll tun azahar, yanzu la'asar ta wuce na buga shafi kusan 40 bata tsaya ba. Sai dai in na kashe yana gogewa, a ina zan rubuta shi ya zauna?

Injiniya_Kazaure:
/etc/default/grub, layin da ke da quiet splash ɗin, ka ƙara irqpoll a ciki, ka yi sabin sai sudo update-grub. Kar ka taɓa alamar " ta ƙarshen layin.