A tsallakar da yarinya aji, ko a bar ta da sa'o'inta?

Baƙuwar Kubwa: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano, mun sauka a Kubwa da ke Abuja. 'Yata shekararta 9, tana aji 4, amma lissafin 'yan aji 6 take yi. Makarantar da na fara zuwa ta ce za ta ɗaga ta aji 6 nan take. In amince, ko in nemi wadda za ta bar ta da sa'o'inta?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki yarda. Haka aka tsallakar da ɗana aji biyu a wata makaranta, har suka liƙa hotonsa a allon tallarsu. Da ya shiga sakandare, manyan yara suka riƙa ƙwace masa abinci suna sa shi yi musu aikin gida. Wata rana na ga takardar jarrabawarsa a ƙarƙashin katifa, ashe da gangan yake rubuta amsar da ba daidai ba don a daina kiransa farfesa. Sai da muka shekara biyu kafin ya sake son littafi.

Tsohon Hedimasta: Hajiya, ki bari ta gama firamare a natse. Akwai makarantar masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya a Suleja, wadda hukumar jarrabawa ta NECO ke shirya jarrabawar shigarta, akwai kuma ta Gwagwalada, duk sakandare ne. Ki tuna shekara 16 ce ƙa'idar shiga jami'a.

Baban Yara: Ki kai ta Gwarinpa, naira dubu 350 nake biya a zango.

Uwar Biyu: Ni dubu 180 nake biya a Gwarinpar, kuma ba kuɗi ta tambaya ba.

Baban Yara: Malam, da girmamawa, kun daɗe da ajiye alli, makarantun yanzu sun canza.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, yaran dai ba su canza ba.

Kawun Nyanya: Hajiya, ki aro mana ita ta lissafa mana kuɗin hayar Abuja.

Baban Yara: Abin da ya fi ci mini rai shi ne littattafai. Duk shekara sai a canza su, kuma a cikinsu ake rubutu, saboda haka ƙane ba ya gadon na yayansa.

Baƙuwar Kubwa: Na gode. Malam, jarrabawar Suleja daga wane aji ake zaunawa?

Uwar Biyu: Kuma dole a shagon makaranta za ka sayi littattafan, har da safa.