Neman shawara: zan iya haɗa AI da manhajar kashiya a gidan abinci?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar kwamfuta ku taimaka min da shawara. Ina da gidan abinci a nan Kano, tuwo da miya, shinkafa, dambu, farfesu, da safe kuma masa da ɗanwake. Ciniki muna shigar da shi ne a manhajar kashiya ta Loyverse a kan tablet, akwai firinta a kicin, sai na'urar Moniepoint ta karɓar kuɗi. Damuwata oda ta WhatsApp ce, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku saƙo shigowa yake kamar ruwan sama, yarinyar da ke kan kashiya ita ce mai amsa waya ita ce mai ba da canji ita ce mai duba alat, kafin ta buɗe saƙon mutum har ya yi fushi ya saya a wani wurin. To wani yaro ɗan makwabcinmu da ya karanci kwamfuta ya ce zai haɗa min ejen na AI, wato manhajar da ke hira da mutane tana aiki da kanta, ya riƙa amsa mutane, ya ɗauki oda, ya shigar a POS da kansa, har ya tabbatar an biya. Ya ce in ba shi lambar sirrin akawun ɗina na Loyverse da layin WhatsApp ɗin shago. Abin ya burge ni amma gabana na faɗuwa. Akwai wanda ya taɓa yi? Kuma azumi na tafe, ina so kafin nan a gama.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Alhaji wane POS ɗin zai shigar wa? In na Moniepoint ne ai wannan karɓar kuɗi yake, ba ya ɗaukar odar tuwo.

Mai tambaya:
A'a manhajar tablet ɗin nake nufi, wadda muke buga rasit da ita.

Injiniya daga Zariya:
To madalla, abin yana yiwuwa amma ba yadda yaron ya tsara ba. Farko kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko ɗanka ne. Loyverse suna da API, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta karanta kaya da farashi da rasit, ana ƙirƙirar mabuɗi na musamman daga bangaren ofis a intanet, za ka iya sa masa ranar da zai mutu ko ka goge shi duk ranar da kuka ɓata. Sai dai shi ma wannan mabuɗin buɗe komai yake, shi ya sa ba a miƙa shi kai tsaye ga AI ɗin. Yaron ya rubuta ɗan shiri a tsakiya (ko ya yi da n8n, manhajar haɗa manhajoji, in ya fi masa sauƙi) wanda zai ba ejen ɗin abu uku kacal: ya duba jerin abinci da farashi, ya duba ko abu yana nan, ya rubuta oda ta jira. Babu canza farashi, babu ragi, babu mayar da kuɗi, babu goge rasit. In ya ce maka ai ya rubuta wa AI ɗin umarni cewa kada ya yi ragi, ka ce masa umarni ba kwaɗo ba ne, mutum mai wayo zai lallaɓa shi ya tsallake. A ƙarshen 2023 a Amurka wani ya yi ta jan AI ɗin wani dillalin motocin Chevrolet da hira har ya amince zai sayar masa da sabuwar mota a kan dala ɗaya. Abin da ba ka ba shi hannun yi ba shi ne kawai ba zai yi ba.

Sannan ka lura, rasit ɗin da aka tura ta API yana shiga ne a matsayin cinikin da aka riga aka biya, to in ejen ya riƙa turawa tun mutum bai biya ba, da dare lissafinka da kuɗin aljihun tebur ba za su taɓa haɗuwa ba. Kuma kafin ka ba yaron ko sisi ka sa shi ya tura oda ɗaya ta gwaji kana tsaye a kicin ka ga ko takarda ta fito a firinta. In ba ta fito ba dole a samo wata hanyar da masu girki za su gani.

Hajiya mai tuwo:
Ni dai ƙanina ban san API ba amma na san tukunya. Tambayata ita ce wa zai gaya wa wannan abin cewa miyar taushe ta ƙare? Lemon kwalba kam ana ƙirgawa, na'ura ta san saura nawa, amma tuwo fa? Mai kwasa ce kaɗai ta san saura malmala nawa, ita ma sai ta leƙa. Ƙarfe biyu da rabi kan rago ya ƙare, ganda ta ƙare, abinku yana can yana ta karɓar kuɗin mutane yana cewa odarku na hanya. Wanda ka ce wa babu tun farko zai dawo gobe, wanda ka karɓi kuɗinsa ka kira bayan minti arba'in ka ce ya yi haƙuri a canza masa da kuka, wannan har matarsa sai ya gaya wa.

Injiniya daga Zariya:
Hajiya wallahi kin taɓo inda yake ciwo. A manhajar kowane abinci yana da maɓallin yana nan ko babu, dole a ɗora wa mutum ɗaya a kicin aikin kashe shi da zarar an ga gindin tukunya. Kuma ga matsalar netwok: tablet ɗin yana ci gaba da ciniki ko babu data, amma bayanin ba ya hawa intanet sai ta dawo, shi kuma ejen abin da ke intanet yake gani. Sai a sa masa doka, in bayani ya daɗe bai sabunta ba ya daina alkawari ya ce a dakata a tambayo kicin.

Abu Hanifa mai shawarma:
Nawa gargaɗin kan biya ne. KADA ka yarda AI ya tabbatar da biya daga hoton rasit ɗin taransfa. Yaran nan suna da manhajar ƙera rasit na bogi, mu da muke da ido ma suna wucewa da mu balle shi da zai karanta rubutu kawai ya ce an gode. Ko dai yarinyarka ta ga kuɗi a na'ura ta danna, ko ku buɗe Paystack ko Monnify, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, su suna turo saƙo kai tsaye zuwa shirinku idan kuɗi ya shiga da gaske, daga nan ne oda za ta wuce kicin. Suna cire ɗan kasonsu, ka duba a shafinsu ka lissafa da ribar faranti kafin ka shiga.

Maman Iman:
Ni kwastoma ce ba mai shago ba lol. Ni fa ba na rubutu, murya nake turawa, kuma ga yadda nake yi: "a sa min tuwo malmala biyu miya a haɗa kuka da kuɓewa, man shanu kaɗan, ɗayan kuma kar a sa yaji na yara ne, a'a bari a mayar da shi uku." Abin naku zai gane wannan? Sannan kwatancen gida, bayan masallacin Juma'a layi na biyu gida mai baƙin get kusa da mai caji. Ko McDonald's, babban kamfanin abincin Amurka, da kuɗinsu da kamfanin kwamfuta na IBM a bayansu sun gwada sa AI ɗaukar oda da murya a shaguna sama da 100, a 2024 suka dakatar, da Turanci ma fa kenan.

Injiniya daga Zariya:
Rubutacciyar Hausa manyan AI ɗin suna ganewa daidai gwargwado, murya ce ke ba su wahala, musamman ga hayaniyar yara da gaurayen Turanci. Maganin shi ne ya maimaita wa mutum odar a rubuce da jimillar kuɗi, kuma jimillar shiri ne zai lissafa daga farashin POS ba AI ɗin ba, sai mutum ya ce eh. Wanda bai gane ba ya miƙa wa ɗan Adam. Alhaji ka tara tsofaffin saƙonnin murya na kwastomominka na gaske a gwada da su, ba muryar yaron a ɗaki shiru ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ƙarin bayani kan layi, ka tambaye shi ta ina zai haɗa WhatsApp ɗin. In ta hanyar nan ce ta sikanin QR da manhajar bayan fage, ana rufe layi a kan haka, kuma layin shagonka shi ne jarinka. Ya bi ta Cloud API, halastacciyar ƙofar Meta masu WhatsApp. A can in kwastoma ya yi magana kana da awa 24 ka amsa yadda kake so, bayan nan sai da saƙon da suka amince da shi. Kuma duk abin da ejen ya yi wa mutum alkawari a wuyanka yake, a 2024 hukumar shari'a a Kanada ta sa Air Canada biyan wani fasinja saboda bayanin ƙarya da AI ɗin shafinsu ya ba shi. Lambobi da adireshin mutane ma amana ne, a Najeriya akwai dokar kare bayanai ta 2023, kada su zauna a laftof ɗin yaro.

Hajiya mai tuwo:
Kuma don Allah kar ka fara da azumi. Ana saura minti ashirin a sha ruwa ba lokacin gwaji ba ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira yaron na karanta masa duka, ya ɗan ɓata rai kan maganar lambar sirri amma ya yarda. Za mu fara da sabon layi, ya amsa farashi da abin da ke akwai, ya rubuta oda, yarinyar ta danna bayan ta ga kuɗi. Injiniya saura abu ɗaya, kuɗin AI ɗin da dala ake biya wai, kati na naira zai yi ko sai na nemi na dala? Kuma in yaron ya tafi bautar ƙasa wa zai riƙa gyarawa?

Injiniya daga Zariya:
Kati ya danganta da bankinka, ka tambaye su ko naka yana biyan waje da iyakar da suka sa a wata, kuma ka sa wa akawun ɗin AI ɗin iyakar kashewa. Duk akawun ɗin, na Meta da na AI da inda shirin zai zauna, a buɗe su da imel ɗinka da lambarka, shi a ƙara shi a matsayin ma'aikaci. Ya kuma nuna wa yarinyar maɓallin kashe ejen ɗin gaba ɗaya ta koma amsawa da hannu, ta gwada a gabanka kafin ya karɓi cikon kuɗinsa.