Shirya mujallar kiɗan rok ta matasa: waɗanda suka taɓa yi su faɗi abin da suka gani

Aminu:

Assalamu alaikum. Ni da abokaina huɗu mun ƙudiri aniyar fitar da ƙaramar mujalla a kan kiɗan rok, wadda muke so 'yan shekara 14 zuwa 19 su riƙa karantawa, amma yau wata biyu ke nan muna ta gardama a kan suna da launin bangon mujallar, ko shafi ɗaya ba mu kammala ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sa hannu a irin wannan aiki ya faɗa mana abin da ya same shi da kansa, tun daga tsara shafuka har zuwa ranar da takarda ta fito daga maɗaba'a, domin gani ya kori ji.

Malam Haruna:

Wa'alaikumus salam, Aminu. Ku jingine gardamar suna tukuna, don ba ita za ta hana ku barci ba idan lokacin bugu ya matso. Abin da ya hana mu barci a fitowarmu ta farko lissafi ne kawai. Mun rubuta shafi 30 cif, muka kai maɗaba'a muna murna, sai mai bugun ya ce mana ko dai mu rage zuwa 28 ko mu ƙara zuwa 32. Dalilin shi ne mujallar da ake ɗaurewa da waya a tsakiya, kowace takarda ɗaya idan aka ninka ta shafi huɗu take bayarwa, saboda haka dole adadin shafukan ya rabu da huɗu ba tare da saura ba. A dare ɗaya muka cike shafi biyu da tarkacen da ba mu so, kuma har yau idan na buɗe wannan fitowar, wurin nan nake tsallakewa.

Tun daga lokacin ba na barin kowa ya rubuta komai sai mun manna babbar takarda a jikin bango mun zana gidaje 32, kowane gida shafi ɗaya, an rubuta abin da zai shiga ciki da sunan wanda zai kawo shi da ranar da zai kawo. Da ka tsaya nesa ka dubi wannan taswirar za ka ga inda mujallar ta yi nauyi. Mu mun saba sa gajerun abubuwa a gaba, doguwar hira a wajen tsakiya, sharhin sababbin faya-fayi a baya. Shafi na 16 da na 17 kuwa takarda ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya, ita kaɗai ce hoto zai ratsa ba tare da ya yanke ba, don haka ita ce gidan fosta.

Game da suna, abu ɗaya zan ce: ya zama gajere, domin a kan kantar shago saman bangon kaɗai ake gani, sauran yana ɓoye bayan wasu mujallu. Kerrang! da ta fara fita a Birtaniya a 1981 ba ta da wata ma'ana a ƙamus, kwaikwayon ƙarar jitar lantarki ce idan aka buga ta da ƙarfi, amma wanda ya ji sunan sau ɗaya ya san abin da ke ciki.

Zainab:

Malam Haruna ya yi maganar ƙashi, bari ni in yi ta fata, tunda tsara shafuka ne aikina. Kuskuren da na tafka, wanda kuma nake ganin kusan duk mai fara mujallar rok yana tafkawa, shi ne ɗaukar cewa rok yana nufin baƙin shafi. Na yi hira mai shafi huɗu da fararen haruffa ƙanana a kan baƙi wuluk, kuma a fuskar kwamfuta abin ya yi kyau matuƙa. Da aka buga, sai ga haruffan sun dusashe, kowane yana da ɗan inuwar ja ko shuɗi a gefensa, mutum ba ya iya karanta layi biyar sai idonsa ya fara ruwa. Sai daga baya na gane abin da ya faru. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, ita kuwa na'urar bugu da tawada huɗu take aiki, waɗanda ake kira CMYK, kuma baƙin da na zaɓa haɗin dukkan huɗun ne. Kowace tawada da farantin bugunta, idan faranti ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, tawadar sai ta shiga cikin siririn farin harafi ta cinye shi. Yanzu idan zan sa fari a kan baƙi, sai kanun labari ko ɗan gajeren zance mai kaurin haruffa. Doguwar hira kuwa baƙi a kan fari, ba na sauya wannan ko wa ya roƙe ni.

Akwai labarin da masu sana'armu suke son bayarwa na David Carson, wanda ya tsara mujallar Ray Gun ta Amurka. A 1994 ya ga wata hira da aka yi da mawaƙi Bryan Ferry ba ta burge shi ba, sai ya buga ta gaba ɗaya da Zapf Dingbats, salon da babu haruffa a cikinsa sai alamomi da taurari, ta yadda ba mai iya karantawa. Matasan masu zane suna jin wannan sai su ɗauka lasisi ne na yin duk abin da suka ga dama. Ni a ganina Carson ya san ƙa'idar da yake karyawa, kuma ya riga ya tara masu karatu da za su yi dariya su yafe masa, alhali sabuwar mujalla ba ta da wannan gatan. Hayaniyar ta zauna a bango da kanun labarai da hotuna, amma a ƙarƙashinta ku raba kowane shafi gida uku a tsaye, ku tsaya a kan salon haruffa biyu ko uku, kada ku wuce.

Ƙananan abubuwa biyu kuma. Kafin ku ƙaunaci wani salon haruffa, ku gwada rubuta Motörhead da shi, domin da yawa daga cikin na kyauta ba su da harafin nan mai ɗigo biyu, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan ƙungiya, kuma masoyanta ba sa yafe wannan. Sannan duk hoton da kuke so ya kai bakin takarda, ku bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe, don wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya kullum; in ba haka ba za ku ga siririn farin layi a bakin shafi.

Nura:

Ni ɗaukar hoto nake yi. Ranar da na fara shiga gaban dandamali da katin 'yan jarida, ban san cewa a manyan wasanni waƙa uku na farko kaɗai ake ba masu hoto ba, kuma ba a yarda a kunna fitilar kyamara ba. Na ɓata waƙar farko ina gyara saiti, ta biyu fitilun duk ja ne, fuskar mawaƙin ta koma kamar an shafe ta da fenti, ta uku na samu hotuna masu kyau, sai aka taɓa kafaɗata aka nuna mini hanyar fita. Da na kai wa edita, sai ya ce duk a kwance na ɗauke su, shi kuma bango a tsaye yake, kuma ban bar sarari a saman kan mawaƙin ba inda sunan mujalla zai zauna. Tun daga ranar, kafin in je wasa nake tambaya ko hoton na bango ne ko na ciki.

Hoton bango mafi ƙarfi da na taɓa bayarwa ma ba a dandamali na ɗauke shi ba, a bayan fage ne, mai jita tana zaune a kan akwatin lasifika, gumi yana zuba, tana kallon kyamara kai tsaye. Ido cikin ido yana tsayar da mai wucewa fiye da tsalle da hayaƙi. Ina kuma gargaɗinku a kan kwaso hotuna daga intanet: na farko ba naku ba ne, mai su yana da haƙƙin mallaka, na biyu bugu yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, hoton da ya cika fuskar waya kuwa idan aka shimfiɗa shi a A4 sai ya farfashe. Idan za ku sa fuska a fostar tsakiya, ku matsar da ita gefe kaɗan. Mun taɓa buga wata da wayar ɗauri ta sauka daidai kan hancin mai ganga.

Malama Hadiza:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma har yanzu ba wanda ya yi maganar yaran da za su karanta. Ni malamar makaranta ce, kuma na taimaka wa ɗalibaina sun fitar da irin wannan mujalla sau uku. Kafin mu buga ta farko, na ba yara goma samfuri, na zauna a bayan aji ban ce komai ba, ina kallon hannuwansu kawai. Babu wanda ya fara daga shafi na 3. Wasu daga baya suka buɗe, wasu suka nufi fosta, kuma kusan dukkansu sun karanta 'yan layukan da ke ƙasan hotuna, waɗanda muka rubuta cikin gaggawa muna ganin ba su da muhimmanci. Dogon tarihin rok da ni kaina na rubuta, tun daga Chuck Berry da Little Richard a shekarun 1950, wanda nake alfahari da shi, yarinya ɗaya ce ta tsaya a kansa, ita ma ba ta kai ƙarshe ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. A fitowa ta biyu muka yayyanka shi, kowane zamani hoto ɗaya da sakin layi ɗaya da waƙa ɗaya da za a je a saurara, sai ga shi suna gardama a kansa a lokacin hutu.

Shafin da ya fi kowane tsufa a hannunsu shi ne wanda muka zana yadda ake ɗora yatsu a wuyan jita don fitar da sautuka uku na farko. Dabarar ba tamu ba ce, wata ƙaramar mujalla ta zamanin pank (wani salon rok mai tsauri) a Ingila mai suna Sideburns ta yi haka, ta zana riƙo uku ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiya. Yara sun nemi mu buga musu baitocin waƙoƙi kamar yadda mujallar Smash Hits ta riƙa yi daga 1978 har ta daina fita a 2006, amma baitoci mallakar wasu ne, sai da izini, don haka ba mu yi ba. Kada kuma ku manta cewa wanda bai kai 18 ba yana da iyaye masu buɗe jakarsa. Mun ƙi karɓar tallar giya da taba, mun kuma cire zagi daga hirarraki ba tare da mun sauya abin da mawaƙin yake nufi ba.

Sadiq:

Da girmamawa ga manyana, ina tsoron kada mu tsorata Aminu da milimita da faranti har ya fasa. Mark Perry ma'aikacin banki ne a Landan lokacin da ya fara ƙaramar mujallarsa Sniffin' Glue a 1976 da tafireta da alƙalamin maka da fotokwafi, kuma har yau ana maganarta. Tamu ta farko shafi takwas ce, da almakashi da gam muka haɗa ta a cikin mako ɗaya, layukan a karkace, kuma abin da ya biyo baya shi ne yara suka fara kawo mana nasu rubutun da zanen, saboda sun ga abin bai fi ƙarfinsu ba. Da muka koma takarda mai sheƙi da tsari mai tsafta, wasiƙun suka ragu. Na lura da wannan sosai.

Abu na biyu, kada ku yi tsere da waya a kan labarai. NME, mujallar kiɗa ta Birtaniya da ta fara a 1952, ta koma kyauta a 2015, sannan ta daina bugun mako-mako a watan Maris na 2018, kuma ita tana da ma'aikata da ba ku da su. Labarin da kuka rubuta yau, kafin ya fito daga maɗaba'a kowa ya gani. Ku cika takardar da abin da ake yankewa a manna a ɗaki, ko ake ajiyewa a gefen jita.

Zainab:

Sadiq, ban ƙi taka ba, sai dai ko shafin almakashi da gam yana da tsari, idan ka duba za ka ga rubutun tafiretar baƙi ne a kan fari kuma ana karanta shi ba wahala. Ni ma yanzu nakan yaga takarda da hannu in rubuta kanun labari da maka, in ɗauka da sikana, in ɗora a kan shafin da aka riga aka auna.

Aminu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya mun zauna mun rage burinmu daga shafi 40 zuwa 16, mun manna taswirar a bango kamar yadda Malam Haruna ya ce, shafi na 8 da na 9 fosta, na 12 darasin jita. Kanun labarai da hannu za a rubuta, hirar kuma baƙi a kan fari. Malama Hadiza, ƙanwata da ƙawayenta shida sun yarda su duba samfurin ranar Asabar, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan buɗe baki ba sai sun ajiye shi. Yaya Nura, hoton da muke so a bangon mujallar a kwance yake, amma akwai sarari da yawa ta hagun mawaƙin; zan turo maka ka duba ko zai yanku a tsaye ba tare da wuyan jitar ya fita daga shafin ba.