Majajjawa ko hamila? Sunan wani kayan hawan dutse da Hausa

Jama'a, ina neman shawararku a kan kalma ɗaya, kuma na zo da tawa a hannu don ku gwada ta ku gani ko za ta zauna.

Shekara biyu ke nan ina koyon hawan dutse a Ingila, irin wanda suke kira na gargajiya. A wannan salon babu ƙarfen da aka riga aka kafa a jikin dutse. Kai da kanka kake cusa ƙarfen kariya a tsaga yayin da kake hawa, ka maƙala igiyarka a jiki, wanda ke biye da kai ya zare. Ƙanena ya ce in rubuta masa kayan da sabon shiga zai fara saya. Igiya tana da suna, ɗamara tana da suna, hular kwano tana da suna. Da na zo kan abin da Turawa ke kira sling sai alƙalami ya tsaya.

Ga abin, ga wanda bai taɓa gani ba: siririn ƙyalle ne mai faɗin yatsa ko ƙasa da haka, an haɗa bakinsa biyu an ɗinke, ya zama zagaye marar farko marar ƙarshe. A gindin ɗinkin akwai ɗan tambari da aka rubuta 22 kN, wato yana ɗaukar nauyin da ya kai kusan kilo 2,200 in ba fizga aka yi ba. Aikinsa shi ne ya tsawaita tsakanin ƙarfen da ke tsaga da igiyar mai hawa, ko a zarga shi a wuyan wani tsinin dutse, ko a haɗa turken da mutum biyu za su dogara da shi a tsakiyar hawa.

Ƙamus zai ba ka majajjawa. Ban yarda ba ko kaɗan. Majajjawa ta korar tsuntsaye ce a gonar gero, aikinta ta saki dutse ya tafi. Wannan kuwa aikinsa ya riƙe ka a jikin dutse kada ka tafi. Turanci ne ya tara su a kalma ɗaya, mu ba mu da dalilin gadon wannan ruɗanin. Hausantar da kalmar ma ba ta yi ba, domin silin tuni yana saman ɗaki. Zarge ya ɗan yi kusa, amma zarge shaƙewa yake yi in an ja, wannan kuwa faɗinsa ba ya canzawa. Maɗauri ya yi yawa, komai ma maɗauri ne.

Sai na kira kawuna, wanda ya tsufa a cikin kayan doki. Na rataya mai santimita 60 a kafaɗa, ya ratsa ƙirji ya sauka a ƙarƙashin hammata, na juya masa kyamarar waya. Na ce, "Kawu, in ka ga mutum da wannan, me za ka ce ya rataya?" Bai yi dogon tunani ba ya ce, "Ai hamila ce, ɗana. Ina takobin?" Na ce babu takobi, ƙugiyoyin ƙarfe masu ƙofa ake maƙalawa. Ya ce, "To ko a hawan Sallah ba takobin ne ya sa ake ce mata hamila ba. Ɗaukar nauyin da take yi ne."

Abin da ya sa na riƙe wannan kalma har yanzu shi ne tana koyar da tsawo, kuma a nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. In ka ce hamila, Bahaushe ya riga ya ga girmanta a ido: abin da zai zagaye kafaɗa da ƙirji sau ɗaya. Daidai da mai santimita 60 ke nan. A lura, a shimfiɗe ake auna ta, ninki biyu, saboda haka ƙyallen da ke jikin mai 60 ya kai santimita 120 in da za a warware ɗinkin. Daga nan sauran suna bin sahu ba tare da wahala ba: mai 120 ita ce hamila biyu, mai 240 hamila huɗu, mai 30 rabin hamila.

Na san amfanin wannan lissafi ne a dutsen Tryfan, a arewacin Wales. Hanyar da muke bi ta karkata dama, ta dawo hagu. Na sa ɗan ƙarfe a tsaga, ya zauna daram, amma na maƙala masa gajeren mahaɗi saboda shi ne ya fi kusa da hannuna. Da na matsa hagu kamar taku huɗu, igiyar ta miƙe ta ɗaga ƙarfen sama. Ƙara kawai na ji. Na leƙa ƙasa na gan shi yana zamewa a jikin igiya har ya isa hannun abokina. Tsakanina da kariya ta gaba akwai nisan da har yau ba na son tunawa. Da hamila guda na sa a wurin, igiyar za ta sami sarari ta yi wasanta, ƙarfen yana nan inda na ajiye shi. Kuma ko ƙarfen bai fita ba, igiyar da ta yi gwiwa uku ko huɗu cijewa take yi, ka ji kamar wani na jan ka ta baya.

Don haka abin da na rubuta wa ƙanena shi ne ya fi yawaita mai tsawon hamila guda, ya sayi shida ko takwas. Kowace ya sa mata ƙugiya biyu, ya ninka ta uku ta koma gajera a ɗamara. In ana bukatar tsawo sai a cire ƙugiya ɗaya daga ninkin, a maƙala a zare ɗaya, a ja ta warware. Mai tsawon hamila biyu ya nemi guda biyu ko uku, su ne na tsinin dutse da gindin itace. Ita wannan a baya ake zagayo da ita a haɗa bakin da ƙugiya a ƙirji, yadda hannu ɗaya zai iya zare ta yayin da ɗayan ke riƙe da dutse. Mai tsawon hamila huɗu guda ɗaya ta isa, ta haɗa turke ce ko zagaye babban dutse. Rabin hamila na ce ya bar ta a kanti tukuna.

Akwai kuma maganar zare. Ta nailan ta fi kauri, ta fi karɓar ƙulli, tana ɗan miƙewa. Ta Dyneema siririya ce, ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa sosai, amma tana narkewa a wajen digiri 145, ƙulli yana rage mata ƙarfi ƙwarai, kuma kusan ba ta miƙewa. Duk wadda ka saya, kada igiya ta riƙa gogar jikinta kai tsaye, kuma kada ka maƙale da ita a turke ka hau sama da shi, domin faɗuwar ko da gajera ce jikinka da turken ne za su sha fizgar gaba ɗaya.

Wani ɗan'uwa da na nuna wa wannan ya ce hamila ba ta nuna cewa abin ɗinkakke ne, kuma yaran yanzu da yawa ba su san kalmar ba. Na farkon gaskiya ne, amma igiya ma ba ta faɗin irin saƙarta. Na biyun kuwa shi ne ma ya ƙara min son ta: kalmar tana nan da ranta a bakin mahaya da dukawa, ba ta da wani aikin da zai yi karo da wannan. Inda ake tsoron ruɗani sai a ce hamilar dutse, a jam'i hamilun dutse.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Agadas, ku da takobi bai bar kafaɗa ba, ku gaya min ko haka kuke kiranta, ko kuna da wani sunan da ya fi wannan zama. Ƙugiyar nan mai ƙofa ma tana jiran nata sunan, na dai bar ta a ƙugiya kafin in ji daga gare ku.